Ranar da Mma Ta Kira Mini Wanzami

Wata takwas na yi ina yi wa mahaifiyata ƙarya, har sai da ƙaryar ta kusa kai ni kabari.

A lokacin ina da shekara arba'in da huɗu. Aurena ya daɗe da mutuwa, na dawo gidanmu a unguwar Akwatialine muna zaune mu biyu, ni da ita. Mma muke ce mata. Ina sayar da atamfa da leshi a babbar kasuwa, kuma duk wanda ya san ni a shekarun nan da jiki ya san ni. Ba jiki na wasa ba. In na tsai da trotro, motar haya, tun ban sa ƙafa ba mutanen ciki suke fara matsawa. A Zango, unguwannin Hausawa, wannan ba abin kunya ba ne, ado ne. Mata su ce mini, "Hajiya, kin huta paa," Mma ta yi murmushi tana gyara mayafi. Amma ba su ke hawa matakalar kasuwa da gwiwoyina ba, ba su ke yin salla a kan kujera kamar tsohuwa ba, ba kuma su likita yake yi wa faɗa a kan ciwon suga ba.

Likitan sugan ne ya fara yi mini maganar aikin, ya tura ni wani asibitin kuɗi a Accra. Can aka yi mini bayani. Za su sa wani zobe na roba su ɗaure saman tumbina, yadda loma kaɗan za ta ƙosar da ni. Daga zoben akwai siririn tiyo da ya zo har ƙarƙashin fata, a ƙarshensa kuma wani ɗan maɓalli mai faɗin murfin kwalba, sama da cibiya ta hannun hagu. Ta cikin maɓallin ake soka allura a ƙara ruwa ko a rage, zoben ya ƙara matsewa ko ya saki. Na ji, na yarda, aka yi.

Mma kuwa na ce mata Lome zan je sarin kaya.

Kada a yi saurin zagina. Mma tana yarinya yunwa ta koro su daga Nijar, da ƙafa suka ci rabin hanya. Har ta tsufa ba ta iya ganin ƙwayar shinkafa a ƙasa ba ta tsince ta ba. Wannan matar zan zauna in gaya wa cewa lafiyata lau na kai cikina aka ɗaure don kada in ci abinci? Da wane baki? Ban da haka, na san garinmu. In magana ta fita daga gidanmu da hantsi, kafin la'asar ta kai Moshi Zango, kafin magariba ana yi mata ƙari a Ayigya. Na ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na ja bakina na yi shiru.

Jiki ya fara sauka. Gwiwoyina suka yi sauƙi, na koma yin sujada a ƙasa, ranar farko har sai da na yi kuka a kan sallaya. Amma cin abinci ya zama mini yaƙi. Mma ta tuƙa tuwon zafi da miyar ayoyo, in yi loma uku in tsame hannu. In na kuskura na ƙara ta huɗu sai ta tsaya mini a ƙirji, in lallaɓa bayan gida in dawo da ita. A wajen suna da biki mata suka fara kallona ta gefen ido. Wata ta ce hassada ce, wata ta ce kasuwa ce ta karye mini. Mma dai ba ta taɓa tambayata ba. Ta riƙa sauya miya, tana tsinka mini koko, tana ɗauke kwanon da na bari ba tare da ta ce uffan ba. Ni da wautata na ɗauka sa'a na yi.

Kowace tafiya Accra don a duba zoben sai na ƙirƙiro mata sabuwar ƙarya, har na gaji, na fara tsallake ranakun da aka ba ni. A wata na takwas wajen maɓallin ya soma yi mini ciwo. Da farko kamar cizon cinnaka ne. Kwana biyu sai wurin ya yi ja, ya ɗau zafi. Na san sarai abin da aka gaya mini a asibiti: in wurin ya yi ja ko na ji zazzaɓi, in zo a ranar, kada in kwana. Amma satin da ya wuce na riga na ce na je Lome, ba ni da sauran dalilin tafiya. Na shiga kemis na sayi kafso, na sha, na ɗaure zanena ƙasa da wurin na tafi kasuwa.

Kwana biyar na yi a haka. A na shida ina auna wa wata mata yadi sai na ga shagon yana juyawa, haƙorana suna haɗuwa alhali rana na tsaka. Maƙwabciyata a kasuwa ta sa ni a pragya, keken nan mai ƙafa uku, ta ce ya kai ni gida. Duk ramin da muka faɗa a hanya sai na ji shi a cikina.

Mma na zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake. Ta ji yadda nake jan ƙafa ta ce, "Mi ya same ki?"

"Zazzaɓi ne kawai, Mma."

"Mai zazzaɓi ba ya dafe ciki haka. Kwanta in gani."

Dole in faɗi ko wace ce Mma a unguwarmu. Ita ce mai yi wa masu jego wanka da gashi. Rabin matan Akwatialine sun bi ta hannunta. Idonta ya yi yana, ba ta gani sosai, amma hannunta na gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na kwanta na sassauta zane. Ƙananan tabon aikin sun ɓace a cikin nankarwa, babban kuma kumburi ya haɗiye shi. Ta ɗora yatsu biyu a wurin, na cije leɓe.

"Maruru ne," ta ce. "Babba ne, amma bai nuna ba. Kwana nawa kike ɓoye mini shi?"

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Ƙofa ce ta buɗe mini da kanta. Na ce, "Kwana biyu."

Ta hura gawayi a kurfoti ta ɗora ruwa. Kwana uku tana gasa mini wurin da tawul safe da yamma, tana shafa man kaɗe don ya yi saurin nuna. Ban taɓa jin azaba irin wannan ba, ko ranar da na haihu. Ina kwance ina kallon silin, na san abin da ke ƙarƙashin tawul ɗin roba ce da tiyo, na san ruwan zafi ba abin da zai yi musu, ina kuma cewa, "Sannu, Mma, na ji sauƙi." Haushin kaina nake ji, ina kuma jin haushinta don ta yarda da ni. A rana ta uku wurin ya fara tsatsar wani ruwa mai wari, zazzaɓin ya daina sauka ko da na sha magani. Ko koko na kasa haɗiya.

Da safiyar rana ta huɗu ta danna wurin a hankali, ta daɗe tana lalube, sai ta ɗaga kai.

"Akwai ƙwaya a ciki, tauri kamar dutse. In ba a fid da ita ba, ba za ki warke ba koraa, ko kaɗan. Wannan ya wuce tawul, aikin aska ne."

Ta ciro wayarta daga ƙullin zane ta kira wanzami.

Baba Wanzam muke ce masa tun muna yara. Shi ya yi mini askin suna, shi ya yi wa ƙannena kaciya, shi ke yi wa dattawan layinmu ƙaho. Tsoho ne siriri mai sanyin murya, ba ya gaggawa. Ya iso da hantsi da zabirarsa a rataye, ya yi sallama, suka gaisa da Mma gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da ruwan sama da aka kwana biyu ana yi. Ina kwance a kan tabarma a tsakar ɗaki ina jin su. Mma ta lulluɓe ni da zane biyu, ta bar wurin ciwon kaɗai a buɗe, ta zauna ta ɗora kaina a cinyarta.

Ya wanke hannu. Ya fito da sabuwar aska daga takardarta ya nuna wa Mma, don yanzu wanzamai ma sun bi zamani. Ya ajiye auduga da ƙaramin kwano a gefe. Ya durƙusa ya taɓa wurin.

Wallahi a wannan lokacin lissafi nake yi. Na ce a raina, in ya tsaga fata kawai mugunya ta fita, wataƙila in samu sauƙin da zan iya shiga mota zuwa Accra, ba wanda ya sani. Mace mai hankalinta, mai shago, mai 'ya a jami'a, ga abin da nake saƙawa. Tsoron askar bai kai mini tsoron fuskar Mma ba.

Yatsunsa suka zagaya taurin nan sau ɗaya, sau biyu. Sai suka tsaya. Ya matsa gefe ya shafa wani ƙaramin tabo, ya koma wani. Ya ɗago ya dube ni.

"'Yata," ya ce, "wannan ƙwaya tana da baki a zagaye, sumul. Ban taɓa jin maruru haka ba. Akwai abin da ya kamata in sani kafin in sa aska?"

Kafin in buɗe baki Mma ta amsa masa.

"Babu komai, Malam. Ni na haife ta, ni nake gasa ta kwana uku. In da wani abu da na sani."

Ya sake dubana. Na kau da kai. Mutum ne da ya girmi Mma, amma ba zai ƙaryata uwa a kan 'yarta a cikin ɗakinta ba. Ya ce, "To, bismillahi." Mma ta danne mini kafaɗu da hannu biyu kamar yadda take yi wa masu jego. Ya miƙe fatar da yatsa biyu. Na ji sanyin askar ya taɓa ni.

Na cafke wuyan hannunsa.

"Baba, tsaya. Ba maruru ba ne. Roba ce. Aiki aka yi mini a asibiti."

Ya janye askar a hankali ya ajiye ta a cikin kwano. Hannayen Mma suna nan a kafaɗuna, ba su motsa ba.

"Wane aiki?" ta ce.

Na faɗa. Kaina na kan cinyarta, ina kallon haɓarta daga ƙasa, na faɗi zoben da tiyon da maɓallin, na faɗi cewa ban je Lome ba, ko sau ɗaya. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Wato ba ciwo ne ya hana ki ci ba. Ke kika sa aka hana ki."

"E, Mma."

"Wata takwas."

"E."

Ta ɗaga kaina daga cinyarta ta ajiye a kan matashi, a hankali, yadda ake ajiye ƙwarya mai ruwa. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Baba Wanzam ne ya yi magana yana tattara kayansa. "Hajiya, faɗa yana jira, wannan ciwo ba ya jira. A kai ta asibiti yanzu. Jikinta wuta ne." Ya fita da kansa ya tsai da tasi a bakin layi. Mma ta ɗauki mayafinta da buta da sallaya, ta ce mini, "Tashi." Ita ce kalma ta ƙarshe da ta faɗa mini a ranar.

A babban asibiti ba su ɓata lokaci ba. Suka sa mini ƙarin ruwa da allurai, suka ɗebi jini. Likitar wata Ba'ashantiya ce mai gajeren gashi. Da ta ji kwana nawa na yi da ciwon da abin da aka yi masa a gida, ta cire tabarau ta dube ni kawai. Washegari aka zura mini kyamara ta baki. Sai ga shi ciwon ba a fata ya tsaya ba. Zoben ne ya ci bangon tumbin har ya leƙa ciki, ƙwayoyin cuta suka bi tiyon suka gangaro zuwa maɓallin. Abin da muke ta gasawa a waje, tushensa na can ciki. Ta ce dole a cire duka, zobe da tiyo da maɓalli, kuma da na ƙara kwana biyu a gida da cutar ta gama shiga jini.

Ta juya ta yi wa Mma bayani da Twi, tana ce mata "Maame", wato uwa. Mma ta saurara hannunta a haɗe a kan cinya. Tambaya ɗaya ta yi: in an cire, za ta iya cin abinci? Likitar ta ce e, sannu a hankali. Mma ta gyaɗa kai.

Na sa hannu a takarda ina kuka. Wani ɓangare na kukan na zoben ne, ba zan ɓoye ba, don na san gwiwoyina da sugana suna jirana a gaba. Amma mafi yawansa na matar da ke zaune a bakin gadona ne tana jan carbi tana kallon bango.

Aka yi aikin, Allah ya tashe ni. Kwana goma sha ɗaya na yi a asibiti, kullum Mma na nan. Ta ɗaga ni, ta kwantar da ni, ta riƙe mini roba in yi alwala. Da nas tana magana, da matar gadon kusa da ni tana magana har da dariya. Ni kuwa sai "ungo" da "juya". Wajen da maɓallin yake ba su ɗinke shi ba, suka bar shi a buɗe don ya warko daga ciki, kullum a wanke ramin a cusa masa sabon bandeji. Da za a sallame mu nas ta ce in riƙa zuwa ƙaramin asibitin unguwa ana yi mini. Mma ta ce a nuna mata. Nas ta kalli yanar idonta. Mma ta miƙa hannu ta ce a sa mata safar hannu. Sau biyu aka nuna mata, na uku ta yi shi da kanta, nas ba ta sami abin gyarawa ba.

Muka dawo gida. Labari kuwa ya riga mu isowa, kamar yadda na sani. Mata suka yi ta zuwa sannu, wasu don Allah, wasu don su ga mai zobe a ciki. Abin mamaki, bai dame ni ko kaɗan ba. Wannan ne abin da na yi wata takwas ina gudu, da ya zo sai na ga ba komai ba ne. Abin da ke cina shi ne shirun Mma. Kowace safiya bayan ta idar da lazimi sai ta wanke hannu, ta sa safa, ta durƙusa a gabana ta zaro bandejin jiya ta cusa sabo. Ina jin numfashinta a fatata, amma kamar akwai katanga tsakaninmu. Sau biyu na ce, "Mma, ki yafe mini." Sau biyun ta ce, "Daina motsi."

A safiya ta goma sha biyu da dawowarmu ramin ya fara cikowa da jan nama. Ta lalube gefensa da yatsa, ta ce ya yi kyau. Sai ta ci gaba da magana kanta a sunkuye, tana naɗe bandeji.

"Kin san mi ya sa ban taɓa tambayarki ba?"

Na ce a'a.

"Haka ciwon babanki ya fara. Loma uku ya tsame hannu, ya zagaya baya ya yi amai, yana tsammani ba na ji. Wata bakwai ya yi, Allah ya karɓi abinsa. Ke kina gidan miji, ba ki ga farkonsa ba." Ta gutsura filasta da haƙori. "Da na ga kin fara, na ce shi ne ya dawo. Na ce yarinyar nan ta je asibiti an gaya mata, tana ɓoye mini don kada hankalina ya tashi. Sai na ce to, bari in bar ta da ɓoyonta, shi kaɗai ya rage mata."

Ta manna filastar ta shafa gefenta da tafin hannu.

"Matan layin nan da suka rasu, ni nake yi musu wanka, kin sani. Shekara talatin ban taɓa cewa ba zan iya ba. Amma kafin azumi na je gidan Hajiya ta bayan masallaci, na durƙusa mata. Na ce in lokaci ya yi, ita za ta yi wa 'yata wanka, don ni hannuna ba zai iya ba."

Ta zare safar ɗaya bayan ɗaya ta jefa a leda. Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni da idanunta masu yana, karo na farko tun ranar wanzami.

"Yau zan je in ce mata ta bari," ta ce. "Ke za ki raka ni, ki gaya mata dalili da bakinki."